Awon Damina a Kwarin Binuwai: Garwa da Tarihin Gwajin Samfurorin Yanayi

A zamanin da tashar jiragen ruwa ta Garwa take ci, cinikin shekara guda yakan rataya ne a kan 'yan makonni. Kogin Binuwai ba ya ɗaukar manyan jirage har zuwa wannan gari sai marka ta kankama, wato daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ko farkon Oktoba idan damina ta yi albarka. A ɗan wannan tsakani ne jiragen kamfanonin Turawa suke hawowa daga bakin teku, su bi Kwara zuwa Lakwaja, su shiga Binuwai su wuce Yola, su sauke gishiri da siminti da man fetur, sa'an nan su yi lodin auduga da gyaɗa su juya tun ruwa bai janye ba. Jirgin da ya makara sai ya kafe a kan rairayi. Ke nan tun kafin a ƙera kwamfuta akwai mutane a Garwa da dukiyarsu ta dogara ga sanin lokacin da ruwa zai zo da kuma yawan da zai zo da shi.

Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro, yamma da Garwa, ranar 18 ga Yunin 1851. Damina tana farawa ke nan, don haka abin da ya rubuta game da cikar kogin daga bakin mutanen wurin ya ji shi. Awo na yau da gobe bai samu ba sai da mulkin mallaka ya zauna. Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta a Yunin 1915, ta zauna a hannun Faransa har zuwa samun mulkin kai a 1960. Tun shekarun 1930 ake karanta tsayin ruwan kogin a jikin sandar awo a Garwa, kuma daga baya hukumar binciken kimiyya ta Faransa mai suna ORSTOM, wadda yau ake kira IRD, ta tattara irin waɗannan alƙaluma. Daga cikinsu ne Jean-Claude Olivry ya fitar da littafinsa kan kogunan Kamaru a 1986, Jean-Bernard Suchel kuma ya kammala babban kundinsa kan yanayin ƙasar a 1988. Awon iska da zafi a filin jirgin saman Garwa yana hannun ASECNA, hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama da aka kafa a 1959. Waɗanda suka riƙa cika waɗannan rajistoci kowace safiya ƙananan ma'aikata ne da ba a ajiye sunayen galibinsu ba. Rubutunsu ne daga baya ya zama mahukunci a kan manyan kwamfutocin Turai da Amurka.

Abin da masana ke kira monsun, kalmar da asalinta mausim ne na Larabci, shi ne abin da Bahaushe ya sani da iskar damina. Da bazara Sahara takan yi zafi ƙwarai, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama, sai iska mai laima ta kwararo daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma don ta maye gurbinta. Da hunturu al'amarin ya juya, busasshiyar iska ta sauko daga arewa maso gabas da ƙura. Wannan juyi na shekara-shekara shi ne monsun, kuma akwai irinsa a Indiya da Sin da arewacin Ostareliya. Sai dai na Afirka ta Yamma yana da wata ɗabi'a da ta shafi Garwa kai tsaye. Benjamin Sultan da Serge Janicot sun nuna a 2003 cewa zirin da ruwa ya fi sauka ba ya tafiya arewa sannu a hankali. Yakan zauna a gaɓar teku, wajen digiri 5 arewa da layin ikwaita, cikin Mayu da Yuni, sa'an nan ya yi tsalle zuwa wajen digiri 10 a cikin 'yan kwanaki, galibi wajen 24 ga Yuni. Garwa tana ɗan sama da digiri 9. Wato kusan a kanta tsallen yake dira.

Ga kuma bambancin da ke tsakanin garuruwan yankin. Ngaundere, a kan tudun Adamawa mai tsayin mita 1,100 ko fiye, takan sami ruwan da ya kai milimita 1,500 a shekara. Da an gangaro kwarin Binuwai, Garwa tana samun kimanin 1,000. Marwa wajen 800 ce, Kuseri kuwa, daura da Njamena, wajen 600 ko ƙasa da haka. Mafi yawan wannan ruwa ba yayyafi ba ne. Yana zuwa ne cikin manyan hadura da ke haɗuwa da la'asar, sau da yawa a kan tuddai irin na Adamawa da Mandara da Jos, su jeru su nufi yamma da gudu cikin dare. Manomi ya daɗe da sanin cewa hadarin da ya taso daga gabas shi ne na ƙwarai. Abin da ya haɗu a arewacin Kamaru yau yana iya zama ruwan Gombe ko Bauci gobe.

Samfurin yanayi kuwa lissafi ne da ake ɗora wa kwamfuta don ta kwaikwayi tafiyar iska da zafi da laima. Akan raba sararin duniya gida-gida kamar gidajen dara, a ba kowane gida zafinsa da laimarsa da ƙarfin iskarsa, sa'an nan a lissafta yadda kowanne zai shafi maƙwabcinsa bayan 'yan mintuna, a yi ta maimaitawa har a cika shekaru ɗari. A samfurorin ƙarshen ƙarnin da ya wuce faɗin gida ɗaya yakan kai kilomita 200 zuwa 300. Tsakanin Garwa da Marwa bai fi kilomita 200 da 'yan kai ba, saboda haka gida ɗaya yana iya haɗiye garuruwan biyu tare da duwatsun da ke tsakaninsu, ya ba su ruwa iri ɗaya. Shi kuwa hadari ya fi gidan ƙanƙanta a farkon haɗuwarsa, don haka samfurin ba ya ganin sa, ƙiyasta shi yake yi da wata ƙa'ida da masu ginin suka zaɓa. Kowace cibiya da irin ƙa'idarta. A nan ne buƙatar gwaji ta taso: a umarci samfurin ya maimaita shekarun da suka wuce, a ɗora sakamakon a kan abin da aka auna a ƙasa, a ga ko sun dace. Wanda ya kasa faɗin damina ta jiya ba shi da bakin faɗin ta jikoki.

Fari ne ya jawo hankalin duniya ga wannan yanki. Shekarun 1950 da farkon 1960 na yalwar ruwa ne. Daga 1968 abu ya fara lalacewa, ya yi tsanani a 1972 da 1973, ya ɗan lafa, ya dawo da muni fiye da na da a 1983 da 1984. Ragin ruwan Sahel tsakanin shekarun yalwa da na fari ya kama daga kashi 20 zuwa 40 cikin 100, gwargwadon wuri da shekarun da aka kwatanta. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma kimanin kashi ɗaya cikin goma na hakan. Fadamun kogin Logon, inda makiyaya ke kai shanu da rani, suka daina cika yadda aka saba, madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta ƙara tare ɗan ruwan da ya rage. Manoma da yawa daga ƙuryar arewa suka yi ƙaura zuwa kwarin Binuwai, noman auduga ma ya riƙa matsowa kudu.

A tsakiyar wannan hali aka yi babban gangamin awo na farko. A daminar 1974 ƙasashe kimanin 70 suka haɗa hannu a shirin GATE, mai hedikwata a Dakar, da jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama fiye da goma. An ƙaru ƙwarai da sanin igiyoyin iska da ke ratsa Afirka daga gabas duk bayan kwana uku zuwa biyar, waɗanda wasunsu ke rikiɗa su zama mahaukaciyar guguwa a Atlantika. Amma a teku aka girke yawancin kayan aikin. Wani shirin na 1979, WAMEX, ya dubi tudu, sai dai bai kai GATE ƙarfi ba.

Bayanin da ya fi karɓuwa game da musabbabin farin a lokacin daga samfuri ya fito. A 1975 Jule Charney, babban masani na jami'ar MIT a Amurka, ya kawo hasashen cewa ƙasar da aka cinye ciyawarta tana mayar da hasken rana sama fiye da mai ciyayi, hakan ya sanyaya iskar da ke kanta, ya hana ta tashi ta haɗa hadari. Ya gwada da abokan aikinsa a kwamfuta, suka ɗaga yawan hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 zuwa 35 cikin 100, ruwa kuwa ya ragu. Shi Charney hasashe ya kira abin. Amma da maganar ta fita daga hannun masana ta shiga ofisoshin agaji, musamman bayan taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977, sai ta zama hukunci: makiyayi da shanunsa, da mace mai saran itace, su suka kori ruwa. A yanki kamar arewacin Kamaru, inda kiwo yake ƙashin bayan rayuwar Fulani da Larabawan Shuwa, wannan zargi ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ba a tsaya an tabbatar ba shi ne ko ƙasar ta sauya har gwargwadon da aka sa wa kwamfutar. Da hotunan tauraron ɗan'adam suka taru, Compton Tucker da abokansa suka nuna a 1991 cewa bakin Sahara yana matsowa kudu a shekarar fari, ya koma arewa idan ruwa ya dawo.

Tun 1978 Peter Lamb ya lura cewa shekarun fari suna tafiya tare da wani irin tsarin zafi a saman Atlantika. A 1986 Chris Folland da Tim Palmer da David Parker na hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa ruwan Sahel yana raguwa idan tekunan kudancin duniya sun fi na arewaci ɗumi. Hujjar da ta fi yanke gardama ta zo a 2003, lokacin da Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba wani samfuri zafin teku na haƙiƙa daga 1930 zuwa 2000, ba tare da sun taɓa ciyayi ko dabba ba, sai ga yalwar 1950 da farin 1980 sun fito da kansu. Wasu nazarce-nazarcen suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai sinadarin farar wuta, yana cikin abin da ya sanyaya arewacin Atlantika. Lalacewar ƙasa tana da nata tasiri, tana tsananta farin da ya riga ya samu, amma ba ita ta haife shi ba. Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da zai yiwu ba don dogon lissafin ruwan da tashoshin Afirka suka ajiye ba, wanda Sharon Nicholson ta shafe shekaru tana bi ƙasa-ƙasa tana tattarawa.

Daga nan cibiyoyin suka gane cewa kowa ya yi gwajinsa shi kaɗai ba zai fisshe su ba, domin idan samfurori biyu suka saɓa ba a sanin ko bambancin daga gininsu yake ko daga abin da aka ciyar da su. Ƙarƙashin Shirin Binciken Yanayi na Duniya, wanda aka kafa a 1980, aka fara AMIP a 1990 bisa jagorancin Larry Gates: cibiyoyi kimanin 30 suka karɓi zafin teku iri ɗaya na shekarun 1979 zuwa 1988, kowace ta sarrafa, aka tara sakamakon wuri guda. A 1995 aka faɗaɗa tsarin ya zama CMIP, wanda har yau shi ne tushen rahotannin kwamitin IPCC.

Da aka jera samfurorin, Sahel ce ta fi kunyata su. A 2006 Kerry Cook da Edward Vizy suka duba guda 18, suka tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ba sa ma kawo zirin ruwan kan tudu da damina, a teku suke barin sa. Cikin 'yan kaɗan da suka ci jarrabawa, na cibiyar GFDL da ke Princeton ya ce Sahel za ta bushe ƙwarai kafin ƙarshen ƙarni na 21, na Japan mai suna MIROC ya ce jiƙewa za ta yi sosai. Abin da ya fi damun masana shi ne na GFDL ɗin yana cikin waɗanda suka fi iya maimaita farin ƙarni na 20. Ashe dacewa da jimillar ruwan jiya ba ta isa shaida ba. Samfuri yana iya samun amsa daidai ta hanyar da ba daidai ba. Sai an leƙa cikinsa an ga yadda yake haɗa hadari, da ƙarfe nawa yake zubar da ruwa, da yadda ƙasarsa ke shanye shi. Irin wannan gwaji yana buƙatar awon da babu shi a lokacin.

Wannan giɓi ne shirin AMMA ya zo cikewa. Sunan taƙaitawa ce ta nazarin daminar Afirka daga fannoni da yawa, kuma dacewarsa da kalmar Hausa ta togaciya katari ne kawai. Masanan Faransa ne suka faro shi a farkon shekarun 2000, irin su Jean-Luc Redelsperger da Thierry Lebel, Tarayyar Turai da Birtaniya da Amurka suka shigo, tare da jami'o'i da hukumomin yanayi na Afirka, har masu hannu a ciki suka fito daga ƙasashe kusan 30. Shekarar 2006 ce ƙololuwarsa. Jiragen sama na bincike suka sauka a Yamai da Wagadugu da Dakar, aka kafa rada a Yamai, aka riƙa sakin manyan balan-balan daga Damagaram suna bin iska zuwa yamma suna jefo na'urorin awo. A wannan shekara tsallen damina ya makara da kimanin kwana goma, abin da ya zama jarrabawa ta musamman ga masu hasashe.

Aikin da ya fi amfani a cikinsa ba shi da ƙyalƙyali. Sanin abin da ke faruwa a sama yana buƙatar a riƙa sakin balan-balan ɗauke da 'yar na'ura mai auna zafi da laima da iska tana aiko da sakamako ta rediyo, sau biyu a rana ko fiye. Na'urar ba ta dawowa, kullum sai sabuwa, ga kuɗin iskar cika balan-balan ɗin. Matsin tattalin arziki na ƙarshen shekarun 1980 da karya darajar kuɗin sefa a 1994 sun sa tashoshi da dama sun yi shiru. AMMA da ASECNA da hukumomin ƙasashe suka farfaɗo da tsofaffi, suka buɗe sababbi a Kwatano da Faraku da Tamale da Abuja. Daga Yuni zuwa Satumban 2006 tashoshi 21 suka yi aiki, aka saki balan-balan kimanin 7,000, yawan da ba a taɓa gani ba a yankin ko a zamanin GATE. Sai kuma aka gano cewa wani tsohon nau'in na'urar da tashoshi da yawa ke amfani da shi yana nuna iska ta fi bushewa fiye da yadda take. Dole aka fara gyara ma'aunin kafin a auna samfurin da shi. Bayan haka cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta sake lissafin daminar 2006 da gyararrun alƙaluma.

Rabon arewacin Kamaru a wannan gangami kaɗan ne. Ngaundere tana cikin tashoshin balan-balan, haka ma Duwala da Njamena, amma wurare uku da aka zaɓa don zurfafa awon ruwa da ƙasa da ciyayi suna Gurma ta Mali, da kewayen Yamai, da kwarin Weme na Benin. Duka suna yamma can, a kan layi ɗaya daga teku zuwa hamada, inda ƙasa take shimfiɗe, lissafi ya fi sauƙi. Zaɓin yana da hujjarsa ta kimiyya. Illarsa ita ce yankin da tuddai ke haifar da hadari ya zauna a gefen taswira. Kuma ba a nan kaɗai ya zauna a gefe ba. Ta fuskar damina Garwa 'yar'uwar Yola da Kano ce, ta fuskar siyasa kuwa Afirka ta Tsakiya ce. Kamaru ba ta cikin CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari ta 1973 wadda ta kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, alhali Cadi tana ciki. A rahoton IPCC na shida, layin da ya raba Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya ratsa kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru, ya jefa Garwa rukuni ɗaya da dazuzzukan Kwango, waɗanda ruwansu ba ya kama da nata ta kowace fuska.

Abin da ya ɗan rufa asiri ya fito ne daga gonakin auduga. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, ya baza ma'aunan ruwan sama a yankunan da yake sayen auduga, malaman gona suna rubuta abin da ya sauka kowace rana don su san lokacin shuka da na zuba taki. Ba don kimiyyar yanayi aka yi ba, amma ya zama ɗaya daga cikin rajistocin ruwa mafi kauri a wannan sashe na Afirka, ga shi kuma tare da lissafin amfanin gona. Da shi Sultan da Marthe Bella-Medjo, 'yar Kamaru, da abokan aikinsu suka nuna a 2010 cewa ranar faɗuwar damina da tsawonta suna da babban tasiri a kan yabanyar auduga. A 2013 Edward Gérardeaux na cibiyar CIRAD da wasu masana suka haɗa hasashen samfurorin yanki da samfurin girman auduga don duba arewacin Kamaru zuwa 2050. Sai da suka fara gyara ruwan samfurorin da awon ƙasa kafin su yi amfani da shi, kuma sakamakonsu ya nuna cewa ƙaruwar iskar kabon tana iya ƙara yabanyar auduga, ba tare da ƙarin zafin ya rage ta ba. Wani nazarin na Antoine Leblois da abokansa a 2014 ya duba inshorar da ake biya bisa awon ruwa, ya tarar amfaninta ga manomin auduga kaɗan ne, domin abin da ma'auni ya nuna ba kullum yake dacewa da abin da ya sami gonar mutum ba. Wanda ya taɓa ganin ruwa ya jiƙa unguwa ya tsallake ta kusa da ita ba zai yi mamaki ba.

Gwaje-gwajen bayan AMMA sun tona aibobi takamaimai. Yawancin samfurori suna zubar da ruwa da tsakar rana, kaɗan-kaɗan kusan kullum, alhali na gaske da la'asar ko cikin dare yake zuwa, da ƙarfi, bayan kwanaki. Christopher Taylor da abokansa sun nuna a 2012 cewa hadarin la'asar ya fi haɗuwa a kan busasshiyar ƙasa da ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙiya, samfurorin kuwa akasin haka suke yi, abin da ke iya sa su tsawaita fari fiye da kima. Shirin CORDEX, da aka fara a 2009 don samfurori masu ƙananan gidaje, ya sa Afirka a gaba, kuma masanan Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, irin su Wilfried Pokam da Derbetini Vondou, suna cikin masu tantance sakamakonsa. Nan ma wata matsala ta ɓullo: taswirorin ruwan da ake gwada samfurori da su, waɗanda ake haɗawa daga tauraron ɗan'adam da tashoshin ƙasa, su kansu sun saɓa da juna a inda tashoshi suka yi ƙaranci. Da hukumar yanayi ta Birtaniya ta gina samfurin Afirka mai gida na kilomita huɗu da rabi, wanda yake haɗa hadarinsa da kansa ba da ƙiyasi ba, lokacin saukar ruwa da ƙarfinsa suka matso kusa da gaskiya. Rahoton IPCC na 2021 ya karkata ga cewa tsakiya da gabashin Sahel za su ƙara samun ruwa, ƙuryar yamma ta ragu.

Yanzu damuwar kwarin Binuwai ta fi karkata ga ambaliya. Taylor ya sake nunawa a 2017 cewa mafiya tsananin hadura a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Kimanin kilomita 50 sama da Garwa akwai madatsar Lagdo, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƙasar Sin, a tsakiyar shekarun fari. Ita ke ba arewacin Kamaru lantarki. Mai kula da ita yana tsakanin abu biyu kowace Agusta: ya saki ruwa da wuri, damina ta ɗauke, a rasa wuta da rani, ko ya riƙe, marka ta yi nauyi, ya buɗe ƙofofi a lokacin da kogin ya riga ya cika. A 2012 ambaliya ta ci unguwanni a Garwa, a Nijeriya kuma hukumar agajin gaggawa ta lissafta mutum 363 da suka rasu da fiye da miliyan 2 da suka rasa matsuguni. A 2022 waɗanda suka rasu a Nijeriya sun haura 600. Akan ɗora wa Lagdo laifin duka, amma ruwa mai yawa yana shiga Binuwai ne daga rassan da ke ƙasa da madatsar, kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara a jihar Adamawa don tare rarar ruwan ba a kammala ta ba har yau. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin daminar 2022 a yankin Tafkin Cadi kimanin sau 80. Wannan adadi ma daga samfurori ya fito, bayan an tace su da awon ƙasa an zubar da waɗanda suka kasa.

Shi kuwa awon ƙasar bai tsaya inda AMMA ya bar shi ba. Da kuɗin shirin suka ƙare, wasu tashoshin balan-balan da aka farfaɗo suka sake yin shiru, rikicin Boko Haram kuma ya sa aikin fili a kewayen Mandara da Tafkin Cadi ya yi wuya tun 2014. Kamaru ta kafa hukumar sa ido kan sauyin yanayi, ONACC, a 2009, Marwa ta sami jami'a a 2008, Garwa ta sami tata a 2022. A 2021 Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da wata ƙa'ida da ta wajabta wa ƙasashe tashar ƙasa a duk kilomita 200 mai aiko da awo kowace sa'a, da tashar balan-balan a duk kilomita 500 mai saki sau biyu a rana. An kafa asusu mai suna SOFF don ya riƙa biyan kuɗin gina irin waɗannan tashoshi da tafiyar da su shekara da shekaru, ba na damina ɗaya ba. Cikakken tallafinsa an ware shi ne ga ƙananan tsibirai da ƙasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafta a mafiya ƙarancin ci gaba. Nijar da Cadi suna cikin wannan rukuni, Kamaru ba ta ciki.